Ɗiyar da Aka Bayar Tun Tana Ciki

Ni Barunje ne, mahauci ɗan Rundawa gaba da baya. A Talata Mafara aka haife ni, nan nake yanka har yau. Boko na taɓa shi zuwa aji biyu na sakandare, sai tsohonmu ya ce ya isa haka nan, in zo in koyi fiɗa. Don haka mai neman daɗin baki ya nemi wani. Ni abin da ya faru a gidana zan rubuta, yadda ya faru.

Sana'armu ta buɗe ciki ce. In ka je kara sayen saniya, kakan dunƙule hannu ka danna mata kwiɓi, ka jira. In ka ji abu ya dawo ya bugi hannunka, tana da ciki, sai ka bar wa masu kiwo. Wani lokaci a kuskure, sai an kayar an buɗe a ga ɗan tayi kwance cikin jakarsa. Sannan ne kawai za ka san maraƙi ne ko maraƙa. Ban taɓa ganin wanda ya san wannan kafin wuƙa ba, ko cikin Fulanin da suka tsufa a bayan shanu. Da wannan na girma: ana iya sanin akwai, ba a sanin mene ne.

A ɗakinmu Yaya ce ta fari, ni ne auta. Ita ta goye ni lokacin da Inna ke fama da suyar ƙuli-ƙuli, kuma har yau Auta take ce mini, ga furfura ta cika mini gemu. An kai ta aure Bakura, gidan wani manomin shinkafa, mutumin kirki wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba. Shekaru suka yi ta wucewa, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta je asibiti har Gusau da Sakkwato. Daga baya ta daina zuwa ko'ina. In ana suna a dangi, ita ce kan tukunya tun safe. Ba ta zama cikin mata inda ake miƙa jariri hannu zuwa hannu.

Matata kuwa 'yar Kaya ce, can wajen Maradun, ɗiyar manoma. Ba ta da yawan magana. Maza uku ta haifa mini a jere. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana son mace ba, sai wata rana da zazzaɓi ya kwantar da ita na ji tana cewa, ba da ni take ba, "Gida duk ƙarti, babu mai ɗora ma mutum ko ruwan zahi." Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan.

Da ciki na huɗu ya fito, Yaya ta zo gaida Inna, wadda ke zaune wurina tun rasuwar tsohonmu. Da la'asar ne. Suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ina wasa wuƙaƙe a gindin bango, matata tana bakin murhu. Ƙaramin yaronmu ya yi tuntuɓe ya faɗa jikin Yaya. Ta rungume shi, ta daɗe ba ta sake shi ba har ya fara mutsu-mutsu. Inna ta dube ta, ta sake dubanta. Sai ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji:

"Wanga cikin, in Allah ya kawo mace, ta Yayakku ta. Ran da anka yaye, a kai mata."

Yaya ta sunkuyar da kai. Matata ta ci gaba da hura wuta. Inna ta juyo wajena.

"Auta, ka jiya?"

Na ce, "Allah shi sauke ta lahiya, Inna."

Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Amma ɗa ba shi da wata amsa ga uwa da ta wuce wannan, kuma duk wanda ke tsakar gidan ya san yadda za a ɗauke ta.

Wanda bai san mu ba zai ce wane irin rashin tausayi ne wannan. Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ranar yaye ana ɗauke yaro a kai shi wurin kaka ko gwaggo don ya manta nono. Wani a maido shi bayan 'yan kwanaki, wani kuma sai dai ya riƙa zuwa gidan ubansa gaisuwa. Da yawa cikin waɗanda muke yanka tare wani ne ya riƙe su. Sai dai magana a kan ciki magana ce mara nauyi, don sanyaya zuciyar mutum ake yin ta. Ciki ba a zancensa, ba a saya masa ko hula. Yana iya zuwa namiji, magana ta mutu da kanta. In ma mace ta zo, akwai hanyoyi. A ce bari ta yi ƙwari. A ce bari a samu ƙanwa tukuna. A ce yarinyar ba ta jure canjin ruwa. Kafin a gama bari-bari an sa ta makaranta, kowa ya gane, ba wanda ya ji kunya. Tsofaffinmu sun iya wannan sarai. Na'ura ce ba su san da zuwanta ba.

Da cikin ya yi nisa, ƙafafun matata suka kumbura, kai ya riƙa sara mata. A wurin awo nas ta ce jininta ya hau, a je a yi hoton ciki a ga kwanciyar yaro. Ranar ta faɗo Talata, Yaya ta shigo cin kasuwa ta biyo gida. Ta ce ba a barin mai ciki ta shiga wurin likita ita kaɗai, ni kuma namiji ba shiga zan yi ba. Da na sallami nama suka shiga napep, na bi su a mashin.

Wani ƙaramin asibitin kuɗi ne. Labule kawai ya raba bencin da nake zaune da ɗakin hoton, don haka duk abin da aka faɗa a kunnena aka faɗe shi. Mai hoton wata mata ce mai fara'a, Hausarta ta Kano. Na ji ta ce yaro lafiya lau, ya kwanta daidai, a rage gishiri, a sha magani kan lokaci. Na yi hamdala, na fara laluben makullin mashin. Sai na ji muryar Yaya.

"Likita, wai gaskiya na wanga abu shina gane mace da namiji?"

"Yana ganewa, Hajiya, in bai haɗe ƙafa ba. Ke ce mamanta?"

"Yayar mijin nike."

"To sai in mai ciki ta yarda. Maman bebi, a faɗa?"

Shiru. Na san wannan shirun. Mace a wurinmu ba ta amsa zancen cikinta gaban yayar miji, ko a'a ɗin ma rashin kunya ce. Baƙuwa ba za ta san haka ba.

"Kunya taka ji," in ji Yaya. "Hwaɗi abinki, ɗiyata, nan duk gida na."

Matar ta yi dariya. "To a je a nemo 'yan kunne. Mace ce, ga ta nan ƙiri-ƙiri."

Yaya ta rangaɗa guɗa. Cikin asibiti, da rana tsaka, a kan ɗan da ba a haifa ba. Masu jiran layi suka miƙe suna leƙe.

Mai hoton ta ɗaga labule ta ce, "Maigida, shigo ka ga 'yarka." Na shiga don kada a ce na ƙi. Da fari ban ga komai a 'yar talabijin ɗin ba sai kamar hayaƙi cikin duhu. Sai ta nuna da yatsa, na gane ƙashin baya. Ƙashi dai na san shi. Ga shi a jere, ƙanana kamar ƙayar kifi, ga haƙarƙari, ga wani ɗan abu a tsakiya yana bal-bal-bal ba ya hutawa. Ta ce zuciya ce. Duk abin da na taɓa gani cikin ciki matacce ne. Ranar na fara ganin mai rai. Ba zan yi ƙarya ba, na manta da kowa a ɗakin. Da na juyo, matata ta kau da fuska wajen bango, Yaya kuma ta riga ta karɓi 'yar takardar hoton ta ƙulle a bakin mayafi.

Kafin wata Talatar ta zagayo, Bakura duk ta ji. Ba na ganin laifin Yaya can can. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ba shi da labarin da zai bayar, ya samu ɗaya, ka ce ya haɗiye? Ta nuna hoton ga maƙwabta, ga dangin miji, ga mai kawo mata ruwa. Matan unguwarsu suka fara ce mata uwar ɗiya. Kowace Talata sai ta zo da kaya: busasshen kifi, zogale, fura mai nono da yawa. Ta ajiye gaban matata ta ce, "Ci ki ƙoshi, kada ki bar mani ɗiya da yunwa." Da dariya take faɗa. Sai ta miƙa hannu ta ɗora a kan cikin, abin da ko uwar mai ciki ba ta yi, tana cewa, "Kin gane ni? Ni ta, na zo."

Har mahauta maganar ta kai. Ina cikin fiɗa wani abokin yankana ya ɗaga murya.

"Kai, an ce ka yi cinikin ɗan tayi! Malamai sun hana sai da maraƙa cikin uwa, kai ka ba da taka kyauta, ko dillali ba ka nema ba."

Na ce, "Ruhe muna baki, kai da ɗiyanka ba su ganin nama sai sun zo gidana."

Aka fashe da dariya, ni ma na yi. Amma maganarsa ta bi ni har gida.

Matata ta fara ramewa, ciki na girma ita tana ƙanƙancewa. Wata rana na dawo da azahar na iske ta zaune bakin ƙofar ɗaki, ga kwanon kifi a rufe ƙudaje na bi.

"Ke, lahiya? Ko ciwon kan na?"

"Lahiya lau."

"To mi ya hana ki ci? Ga kihi Yaya ta kawo."

"Ai ba ni anka kawo ma ba."

Na tsaya. Ta dubi ƙasa ta ce, "Dako nika yi, Maigida. Kayan wani na ɗauko, in na kai a sauke mani. Da, in ta motsa ina aza hannu. Yanzu ba ni azawa. Don mi zan saba?"

Tun da na aure ta ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba.

Na samu Inna a ɗakinta tana jan tasbaha. Na gaishe ta, na tambayi ƙafa, na tambayi barci, na kewaya iya kewayawa, sannan na ce, "Inna, zancen ɗiyar nan. A sake dubawa."

Ta ajiye tasbahar. "Kai dai bari, Auta. Wallahi namiji nis sa ma rai. Cikin ya yi tsini, ga ta da jinin maza. Na hwaɗi don in ga haƙoran 'yar'uwarka ko sau guda."

"To ki janye."

"In janye ina? Da ba ku tahi kun leƙo ba, ni na san yadda zan bi da ita, sannu-sannu, ba wanda za shi ji ciwo. Yanzu mijinta ya ɗaure rago. Kana son a riƙa nuna ta a gari, a ce ga wadda tay yi guɗa kan ɗiyar wasu? Tahi kai ka hwaɗa mata, in bakinka na iyawa. Bisa bayanta kag girma."

Na tafi. Na hau mashin da maganata a shirye, ina maimaita ta a hanya, gonakin shinkafa na wucewa dama da hagu. A Bakura mijin Yaya ya tarbe ni a zaure, muka gaisa ta gida, ta aiki, ta ruwa, ta masu jiki, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Ya ce, "Abin da kay yi muna, Allah kaɗai ka biyan ka." Ga ragon nan a turke, fari mai baƙin kai, ana ba shi dusa. Na shiga ciki. An shafe ɗaki da sabon siminti. An sayi 'yar katifa, an rataya gidan sauro ƙarami. Yaya ta kwance wani ƙyalle ta nuna mini 'yan kunne, ƙanana kamar ƙwayar gero.

"Dibi, Auta. Sun yi ko? Ko sun yi mata nauyi?"

Fuskar da na gani ranar, rabona da ita tun ina yaro tana budurwa. Na ce sun yi. Na ci tuwo, na sha ruwa, na hau mashin na dawo. Wanda ya ce shi da ya iya, ya zo in nuna masa ƙofar gidan.

Abin da ya rage mini shi ne fatan na'urar ta yi kuskure. Na ji ana cewa takan yi, an taɓa ce wa wani mace sai ga namiji. Na riƙa bin irin waɗannan labarai a kasuwa kamar mai bin maganin ciwo. In na yi sujada ina roƙon namiji na huɗu, ni da maza sun ishe ni, abincinsu ma ya fi ƙarfina. Wanda ya ji ni zai ce ga jahili mai ƙin 'ya'ya mata. Ni kuwa so nake a bar wa matata abin da ta haifa, ko mene ne.

Na'ura ba ta yi kuskure ba. Da hantsi aka haife ta, lafiyayya, mai gashi. Ragon Bakura aka yanka, ni na fiɗe shi da hannuna. Yaya ta zaɓi suna. Ranar ne na fara ganin ta zaune tsakiyar mata, jaririya a cinya, wata ce daban kan tukunya.

Watannin farko matata tana ba da nono tana kallon bango. Tana yi mata wanka, tana gasa mata cibiya, ba ta rage komai ba, amma ba ta yi mata wasa, ba ta yi mata tawai. Mutane suka ce alkunya ce. Wace alkunya a kan ɗa na huɗu? Sai da yarinyar ta fara zama. Wata safiya ta kama leɓen uwarta ta ja, ta ƙyalƙyale da dariya, baki ba haƙori. Ina tsaye ina ɗaure kaya a mashin, na ga matata ta yi ƙoƙarin kau da kai ta kasa. Daga ranar ba ta sake sauke ta daga baya ba, ko daka take, ko wanki.

Sai ta kama abu ɗaya da ya rage a hannunta. Inna ta ce ran da aka yaye, to ba za a yaye ba. Ni ta fara kafa wa doka. In aka samu ciki a kan goyo dole a cire yaro daga nono, don haka ta ce in yi zamana a ɗakina. Ba da faɗa ba. Na ɗaga labule ta ce, "Maigida, yarinya na shan nono." Ko bayan shekara amsar ke nan. Na yi fushi, na yi gunaguni, na daina kawo hanta, duk a banza. Yarinya ta yi tafiya, ta yi gudu, haƙora suka cika baki, har ta iya buɗe baki ta nemi nono da sunansa gaban baƙi. Matan unguwa suka samu abin yi. "Wagga sai ta kai aji ɗaya za a yaye ta?" "A'a, bari dai a kawo kuɗin gaisuwa tukuna." Matata ta toshe kunne.

Yaya kuma ba ta taɓa tambaya ba. Kowace Talata tana zuwa, da alewa, da 'yar riga, ta goya yarinyar ta zaga da ita tsakar gida, la'asar ta sauke ta ta tafi. Da ta yi rigima da na samu abin kamawa. Haƙurinta ya fi rigima ciwo.

Inna ce ta yanke. Ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ta ga alamar ba tashi za ta yi ba. Ta kira mu ta ce, "Ku cika mani maganata ina da rai. Kada in tahi in bar ku da ita, ku ɓata." Matata ta durƙusa ta ce, "To, Inna."

Ita da kanta ta yi wa yarinyar wanka ranar, ta shafa mata mai, ta sa mata kwalli. Ta shafa maɗaci a nono ta ba ta, yarinyar ta tofar tana kuka tana kallon uwarta kamar an ci amanarta. Yaya ta karɓe ta ta goya. Ta tsaya bakin zaure tana son ta ce wani abu, sai kawai ta ce, "Allah shi saka," ta fita. Matata ta jawo turmi. Geron da ta daka ranar mun daɗe muna cin sa.

Na sha zama ina neman wanda zan ɗora wa. Mai hoto ta tambaya kafin ta faɗa, kuma maganin da aka ba matata ya sauke mata jini, ban manta ba. Na tambayi malaminmu ko leƙen ciki laifi ne, ya ce ba laifi, sanin mace ko namiji ba shi ne sanin rabon mutum ba. Na yarda. Inna tausayi ta ji. Yaya ba ta ƙwaci komai ba, ba ta aka yi. Abin da na gane shi ne, maganganunmu na gida an yanka su ne daidai da rashin sani. Muna alkawari da baki sake saboda mun san akwai duhu a gaba, kuma cikin duhun nan ake gyara abubuwa ba tare da an kunyata kowa ba. Sai aka kunna fitila, mu kuma ba mu canza yadda muke magana ba. Yanzu kowa na zuwa hoto, ciki bai kai ko'ina ba an san kalar kayan da za a saya. Ba na hana kowa. In saurayi ya tambaye ni, abin da nake ce masa, ya kai matarsa da kansa, ya bar dangi a gida.

Inna ta rasu ba da daɗewa ba. Yarinyar tana firamare yanzu a Bakura, tana zuwa Islamiyya da yamma. Ta yi ɓul-ɓul, kayanta fes, ba a taɓa ɗaga mata hannu ba. Da a gidana take cikin ƙartin nan ba za ta samu rabin wannan gata ba, wannan ma na sani, kuma bai rage mini komai ba. Yara sun gaya mata wanda ya haife ta, ta sani sarai, amma baki ya riga ya saba. Yaya ce Umma. In ta zo sai ta durƙusa ta ce mini, "Kawu, ina wuni." In amsa, "Lahiya lau, ɗiyar Yaya."

Da Salla ake kawo ta ta kwana biyu. Kullum da sabon kitso take zuwa, na mai kitson Bakura, an zauna an yi shi da kyau. Matata takan bari a gama gaisuwa, a ci abinci. Sai ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta ce, "Zo nan." Ta sa ta tsakanin ƙafafunta, ta tsefe kitson nan tas, ta taje, ta shafa mai, ta sake wani irin na mutanen Kaya, ƙanana, mai cin lokaci. Yarinyar tana ƙorafin zafi, tana cewa ai jiya aka yi mata. Matata dai ba ta sauri.

In Yaya ta zo ɗaukarta takan dubi kan, ta shafa shi da tafin hannu. An ce mini ba ta tsefe shi sai ya tsufa da kansa.